Takarda ta Goma Sha Tara

Dona Zulmira Quaresma mai guga ce. Zuwa 1987, shekara arba'in da ɗaya ta yi cikin ƙungiyar makaɗan garinmu, Ribeirão das Almas, ba ta taɓa riƙe goge ba, ba ta taɓa busa ƙaho ba, waƙa kuwa ko a coci ba ta buɗe baki, don ta ce muryarta tana firgita kaji. Duk da haka sunanta yana cikin littafin halarta tun 1946, a layi na goma sha tara, babu shekarar da ya yi fashi. Na sani, domin littafin yana hannuna. Sunana Anacleto, magatakarda ne ni a ofishin rajistar haihuwa da mutuwa, kuma a lokacin shekara ashirin da uku ke nan ina riƙe da mabuɗin kabad ɗin da ƙungiya ke ajiye takardun kiɗanta.

Gidanta yana gindin hanyar da ke hawa zuwa coci. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta biyu suna São Paulo. Ita ke goge mayafan bagadi, da rigunan alƙali, da kayan amare, da dutsen guga na gawayi, don ta ce na lantarki ba shi da nauyin da tufa ke jin tsoro. Duk wanda ya leƙa tagarta zai ga leɓenta yana motsi. Baƙi suna zaton addu'a take yi. Ƙirga take yi. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Biyu, biyu, uku, huɗu. In ka yi mata magana a tsakiya sai ta ɗaga maka yatsa har ta kai inda za ta kai.

Ƙirgan nan shi ne aikinta a ƙungiya, kuma ba za a gane shi ba sai an san Herculano Vidigal.

An haifi Herculano a 1845, ya mutu a watan Yuni na 1871, yana da shekara ashirin da shida. Na nemo takardun biyu da kaina a tsohuwar rajista. Mai busa ƙaho ne, ɗan wata mai sayar da alewar gwaiba, bai taɓa wuce kogin da ke bayan gari ba. Tarin fuka ya kama shi yana da ashirin da uku, ya hana shi busa, sai ya koma rubuta wa wasu abin da za su busa. Kiɗa goma sha ɗaya ya bari. Na ƙarshensu shi ne wanda muke kira Kiɗan Ƙarfe Uku, wanda ake yi sau ɗaya a shekara, ranar Jumma'ar Gicciye, a benen coci.

Mutanen wancan zamani ba sa rubuta kiɗa a babban shafi guda yadda za a ga komai tare. Kowane makaɗi da takardarsa, abin da zai yi kaɗai ke ciki. Herculano ma bai rubuta sunan kayan kiɗa a saman takardun ba, sunan mutanen ya rubuta, don ya san hannun kowa da ƙirjin kowa. Saboda haka shekara ɗari da goma sha shida ba wanda ya taɓa ganin Kiɗan Ƙarfe Uku da ido. Ji kawai muke yi.

Yana farawa da kowa da kowa in ban da masu ƙaho, goge goma, sarewa biyu, algaita biyu, babban goge, tambari, cike kamar kasuwa. Sannan ya soma sallamar su. Ba a jin lokacin da kowa ke fita, sai dai ka farga ɗakin ya ƙara faɗi. Sarewa ta miƙa wa algaita zancenta ta yi shiru. Algaita ta miƙa wa ƙananan goge. Su kuma su yi ta raguwa biyu-biyu, har a gaɓa ta ɗari da arba'in, wato an ƙirga ɗaya zuwa huɗu sau ɗari da arba'in, ya rage goge guda yana jan sauti ɗaya siriri kamar zare. Zaren ya tsinke. Gaɓa biyu cur ba a jin komai. A ta ɗari da arba'in da uku masu ƙaho biyu, waɗanda tun farko ba su busa ko sau ɗaya ba, su shigo tare a hankali, ɗaya sama ɗaya ƙasa. In sun shigo daidai, sai a ji sauti na uku can ƙarƙashin nasu, mai zurfi, wanda ba a ji a kunne sosai sai a katakon benci da ƙashin ƙirji. Ba mai busa shi. Tsofaffi suna cewa, “Ya zo.” Akwai ɗan fili a gefen littafin halarta inda magatakarda ke rubuta ko ya zo. Daga 1871 zuwa 1986 ba a taɓa rubuta akasin haka ba.

Makaɗa goma sha takwas ne, takardu goma sha tara. Ta goma sha tara shafi huɗu ce, babu komai a ciki sai alamun shiru, gaɓa bayan gaɓa. A ta ɗari da arba'in da uku akwai kalma guda da hannun Herculano: respira, wato ja numfashi. Mai wannan takarda yana zama a kujera tsakanin masu ƙahon biyu, hannu wofi, ya ƙirga, in lokaci ya yi ya ja numfashi da ƙarfi. Da numfashin nan su biyun ke shiga. Sauran takardun an sake kwafe su sau uku ko huɗu saboda tsufa, wannan kuwa ta ainihi ce, ba ta lalace ba. A bayanta kowa ya rubuta sunansa da fensir, da shekarar da ya hau kujerar da wadda ya sauka. A can sama akwai sunan Herculano da 1871, sai mutum huɗu, sai gwaggon Zulmira, Dona Perpétua, 1919 zuwa 1945, sai Zulmira.

A watan Fabrairu na 1987 aka turo mana Maestro Otávio Rangel, jagoran makaɗa mai ba su umarni da sanda, daga babban birnin jiha. Mutum ne siriri mai ladabi, ɗan shekara talatin da huɗu, kuma ban yarda a ce mugu ne ba. Ya zo ne don ya haɗa takardun Herculano a shafi guda a buga su, duniya ta san shi. Kwana goma sha biyu ya yi durƙushe a ɗakin bayan coci, takardun shimfiɗe a ƙasa. Ranar da ya gama ya kira ni, idonsa ja.

“Seu Anacleto, kun san abin da kuke da shi kuwa? Dubi nan. Yaron nan bai taɓa jin babbar ƙungiya ba, amma dubi yadda ya ɓoye fitar sarewa a bayan tambari. Dubi yadda ya hana ƙaho magana har ƙarshe, don kunne ya manta da su. Mutum goma sha takwas, ya sa sun yi kamar sittin, sannan ya sa sun yi kamar ba kowa. Da ya ƙara shekara ashirin…”

Bai ƙarasa ba. Ya nuna mini inda ƙahon ke shiga, ya ce sauti na uku ba abin mamaki ba ne, lissafi ne: in sauti biyu suka zauna a tazarar da ta dace, kunne da ginin coci su ke haifar da na ukun. Abin mamakin shi ne ɗan mai alewa ya gane haka da kunnensa.

Na ƙirga layukan babban shafin. Goma sha takwas.

“Maestro, ina ta goma sha tara?”

“Wannan ba kiɗa ba ce. Tunatarwa ce ga masu ƙaho su cika ƙirji, wani ya ware ta a takarda daban, aka mayar da ita al'ada. A da ba su da mai sanda. Yanzu akwai.”

Ranar Lahadi bayan sujada, da aka hau bene don gwaji, ya gaya wa Dona Zulmira a gaban kowa cewa ba a ƙara buƙatar kujerarta, da hularsa a hannu. Ya gode mata ƙwarai. Ta saurare shi har ya gama.

“To, ɗana, sandar taka tana da huhu?”

“Dona Zulmira, ido ya fi kunne tabbas.”

Seu Nestor, mai ƙaho na farko, wanzami, wanda ya shekara talatin yana zaune a damanta suna faɗa, ya ce, “Alhamdu, yau dai zan huta da warin gawayi.”

“Rufe mana baki, tulu. Kai da ba ka iya ƙirga 'ya'yanka ba, za ka ƙirga ɗari da arba'in da biyu?”

“Bakwai ne.”

“Takwas. Je ka tambayi unguwar gada.”

Aka yi dariya, har da Maestro. Ita ba ta yi ba. Ta miƙo mini takardar da hannu biyu, ta ce, “Cleto, ajiye. Kada ka rubuta shekarar sauka. Ni zan rubuta da hannuna in na ga dama.” Ta sauka, muna jin takunta har ƙofa. Mai ƙaho na biyu ya ɗauke kujerar ya jingine ta a bango.

Lahadi huɗu aka yi gwaji, na rubuta kowanne. Ranar farko an maimaita wurin sau tara, ta biyu sau goma sha huɗu, ta uku goma sha ɗaya, ta huɗu goma sha bakwai. Sau hamsin da ɗaya. Bai zo ba ko sau ɗaya. Masu ƙahon suna shiga tare, in dai ido ne alƙali, amma abin da ke fitowa ƙaho biyu ne kawai. Maestro ya matsar da su kusa da juna, ya raba su, ya juya su bango, ya ajiye sanda ya yi da hannu. Nestor ya daina zolaya. A ta huɗun ya ce, “Maestro, in ka ɗaga sanda, ni ina ganinta, shi ma yana ganinta, kowa da idonsa. Numfashi kuwa shiga cikinka yake yi. Ba ka yanke shawara, ka tarar ka riga ka fara.”

Ranar Talata Maestro ya aike ni wurinta. Na tarar tana goge baƙin mayafin da ake rufe bagadi da shi. Ta ɗaga mini yatsa, na jira. Sannan ta zuba mini kofi, ta yanko cuku.

“Ya ce ki dawo.”

“Shi ya ce, ko Nestor?”

“Shi.”

“Ya sa layina a babban shafin?”

“Bai sa ba tukuna. Ya ce a gwada a gani.”

“A gwada ni? Shekara arba'in da ɗaya ba su isa gwaji ba?” Ta hura gawayin dutsen. “Cleto, kai ka rubuta mutuwar mijina, ka san ban yi abin kirki da yawa a duniya ba. Rigunan da na goge duk sun yamutse kafin la'asar. Abu guda nake da shi wanda in ban yi ba ba zai yiwu ba. Yanzu an ce ashe shi ma ba komai ba ne. To zan zo ranar Jumma'a in zauna kusa da kai, in toshe bakina, in ji da kunnena ko komai ne ko ba komai ba.”

Ranar Jumma'ar Gicciye ba a kaɗa ƙararrawa, sai katako ake kaɗawa a bi gari da shi. Rana ta yi zafi, sararin sama fari fat. An rufe tagogin coci da baƙin ƙyalle, amma haske yana shigowa ta gefe-gefe. Mutane sun cika har waje, ana jin warin kyandir da busasshen kifin da aka ci da rana. Wurina kullum a matakin ƙarshe na bene yake, taku huɗu daga masu ƙaho, littafi a gwiwa. Ta zo ta zauna a gefena cikin baƙar riga, da farin hankici a hannu. Tsakanin Nestor da abokinsa babu komai sai katakon daɓe, da tabo huɗu inda ƙafafun kujera suka ci shi.

Ƙarfe uku da minti shida Maestro ya ɗaga sanda. Ban taɓa jin sun yi kiɗan da kyau haka ba, wannan hakkinsa ne, dole in faɗa. Ya fito da abubuwan da ban san suna ciki ba. Sarewa ta tafi. Algaita ta tafi. Leɓen Zulmira yana motsi. Da aka kai ɗari da talatin sai ta naɗe hankicin, ta danna shi a baki da hanci da hannu biyu. Gogen ƙarshe ya ja zarensa ya tsinke.

Gaɓa ɗaya. Gaɓa biyu. Sandar Maestro tana sama, bai riga ya sauke ta ba.

Sai aka ja numfashi.

Daga tsakanin masu ƙahon ya fito, daidai tsayin kan mutumin da ke zaune. Ba irin na Zulmira ba ne, wanda na sani, gajere mai tsabta kamar an buɗe taga. Wannan a hankali ya zo, yana kakarewa, da ɗan kuka a cikinsa da danshi, numfashin mai jan iska ta cikin tsumma jiƙaƙƙe. Ya tsaya a rabi. Ya sake ja. Na ji ƙirjina yana ciwo don taya shi. Na dubi Zulmira: hannunta biyu suna kan hankicin, jijiyoyin wuyanta sun tashi, idonta a kan tabon nan huɗu.

Masu ƙahon suka shiga. Nestor ya gaya mini daga baya bai san ya sa baki ba. Sauti na uku ya taso ta cikin matakin da muke zaune, ya hau ƙafafuna, fensirina ya gangara daga kan littafi. Daga ƙasa na ji wata tsohuwa ta ce, “Ya zo.” Maestro yana tsaye da sanda a sama har aka gama gaɓa goma sha bakwai da suka rage. Bai sauke ta ba.

Mutanen ƙasa ba su san an yi wani abu ba. A bene kuwa kowa ya sa kayansa a akwati, suka sauka ɗaya-ɗaya, suna raɓewa ta jikin bango don kada su bi ta wurin. Aka bar mu mu huɗu, ni da Zulmira da Maestro da Nestor.

Maestro ya ce, “Dona Zulmira, ke ce?”

Ta buɗe hankicin ta nuna masa. Haƙoranta sun huda shi.

Na yi zaton za ta yi kuka, tunda ga shi an yi ba da ita ba. Sai ta ce, “Sau biyu na je wurin likita saboda wannan sautin.”

“Wane sauti?” in ji Nestor.

“Wanda ka ji, kurma. A gwaji ba na jin sa. Amma duk ranar Jumma'ar nan, in na ja nawa, sai in ji shi a ƙarƙashi, ƙasa-ƙasa. Na ɗauka ƙirjina ne, hayaƙin gawayi. Likita ya ce huhuna kamar zugazugin maƙeri, in tafi in ba marasa lafiya wuri.” Ta juyo gare ni. “Ranar da gwaggo Perpétua ta ba ni takardar ta ce, kada ki riga shi, kada kuma ki bar shi ya wahala. Na zaci Seu Albino take nufi, mai ƙahon wancan lokaci. Ban tambaya ba.”

Na sauka na buɗe kabad, na kawo takardar, na juya bayanta. Shekara ashirin da uku ina ganin layin farko, ina ɗaukarsa sa hannun marubuci da ranar da ya gama. Ba haka ba ne. Da fensir yake, kamar na sauran, a jere da su. Herculano Vidigal, 1871, da ɗan gajeren layi a gaba, irin wanda ake ja kafin a sa shekarar sauka. Bayan layin babu komai. A Jumma'ar 1871 ba ya iya busa ƙaho, saura wata biyu ya mutu. Ya rubuta wa kansa abin da ya rage yana iyawa, ya zauna tsakanin abokansa.

Maestro ya karanta, ya ba Nestor. Sannan ya je bango ya ɗauko kujerar da kansa, ya daidaita ƙafafunta a kan tabon huɗu.

“Dona Zulmira, ba ni da bakin roƙonki. In kin ce ba za ki sake hawa benen nan ba, ba wanda zai ga laifinki.”

“Ni kam ba zan zauna kusa da wurin nan ba,” in ji Nestor.

“Za ka zauna, tulu, shekara talatin kana zaune.” Ta miƙe, ta kakkaɓe rigarta. “Kun ji yadda ya sha wuya kafin ya cika ƙirjin nan? Sau biyu ya ja. Yaro ne fa, bai kai ƙaramin ɗana ba. Ni na zauna ina toshe baki don in ci gardama, na bar shi ya ɗauka shi kaɗai.” Ta karɓi takardar daga hannun Nestor, ta sa a ƙarƙashin hammata. “Maestro, ka sa layin. Ba don ni ba.”

Da aka buga Kiɗan Ƙarfe Uku a shekara mai zuwa, layi goma sha tara ne a kowane shafi, na ƙasan babu komai sai shiru da kalma guda. An ce ana yin sa yanzu a manyan birane. Ban san wa suke zaunarwa a kujerar ba, ban kuma san abin da suke ji ba.

A littafin halarta na 1987, a filin gefe, na rubuta ya zo. A wurin adadin waɗanda suka yi kiɗa na daɗe da fensir a hannu, sannan na rubuta goma sha tara, don abin da ya faru ke nan.

Dona Zulmira tana nan, tana da shekara sittin da tara, tana guga da gawayi. Bayan sunanta ba a rubuta shekarar sauka ba. Duk Jumma'ar Gicciye tana hawa bene da wuri, ta zagi Nestor, ta buɗe takardarta. Numfashinta yana fita da ƙarfi fiye da da, ba a jin komai a ƙarƙashinsa. Abu guda ne ya canza, kuma daga matakina ina ganinsa sarai: a gefen kujerar take zama yanzu, ta hagu, ta bar rabi.